Muryar Yara, Tarihin Manya: Abin da Mawaƙan Meksiko ke Kaiwa Ƙetare

A shekarar 1949 wani ɗan Italiya mai suna Romano Picutti ya sauka a Morelia, babban birnin jihar Michoacán da ke yammacin Meksiko. Kafin zuwansa yana cikin masu horar da shahararriyar ƙungiyar yara mawaƙa ta birnin Vienna. Wanda ya gayyato shi kuwa shi ne Miguel Bernal Jiménez, ɗan garin, masanin kiɗan coci da ya yi karatunsa a Roma. Daga haɗuwar mutanen nan biyu aka samu Niños Cantores de Morelia, wato Yara Mawaƙan Morelia, waɗanda cikin 'yan shekaru suka fara tsallaka iyaka zuwa Amurka suna rera waƙa a manyan zauruka. Picutti da Bernal duk sun rasu a 1956, amma ƙungiyar tana nan, kuma yau Meksiko na da ire-irenta da dama masu yawo ƙasashen duniya.

Shirin da irin waɗannan yara ke gabatarwa a ƙetare galibi kashi biyu ne. A kashin farko za su fito a natse, cikin kaya iri ɗaya, su rera waƙoƙin ibada da harshen Latin, murya kan murya kamar saƙar tabarma. Bayan ɗan hutu sai a shigo da jita, wani lokaci a sauya tufafi zuwa masu launi, a shiga waƙoƙin gargajiya, zaure ya ɗauki tafi. Mai kallo ya koma gida da fahimta mai sauƙi: na farkon aro ne daga Turai, na biyun shi ne nasu na gado. Ni a ganina wannan fahimta a kife take. Kashin cocin ya fi yadda ake zato zama ɗan ƙasa, kashin gargajiyar kuma an yi masa kwaskwarima fiye da yadda masu tafi suka sani.

Tambayar da ya kamata a fara da ita ita ce, me ya sa yara? Kafin Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya ci Tenochtitlan, babban birnin daular Aztek, da yaƙi a 1521, mutanen Aztek suna da makarantar da suke kira cuicacalli, ma'ana gidan waƙa, inda samari da 'yan mata ke koyon waƙoƙin ibada da rawa. Ana kaɗa musu ganguna biyu, huehuetl doguwa mai fata a ka, da teponaztli, gungumen itace rarakakke da ake bugu da sanduna. A 1523 wani ɗan mishan na ɗariƙar Faransiskan, Pedro de Gante, ya iso daga yankin da yau ke cikin Beljiyam. A wata wasiƙa da ya aika wa Sarki Philip na Biyu na Sifaniya a 1558, ya ba da labarin yadda talakawa suka daɗe suna gudun 'yan mishan, har ya lura cewa ibadarsu gaba ɗaya waƙa ce da rawa. Sai ya tsara musu baitoci kan addinin Kirista da harshensu, ya ba su riguna masu zane su yi rawa da su a bikin Kirsimeti. Makarantun da ya buɗe a Texcoco da birnin Meksiko kuma 'ya'yan sarakuna suka fara ɗiba. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙungiyar yara mawaƙa a Meksiko ta fara ne a matsayin makamin mulkin mallaka.

Sai dai makamin ya kuɓuce daga hannun masu shi. 'Yan ƙasa suka rungumi sana'ar fiye da yadda aka so. Suka koyi karanta alamomin kiɗa, suka koyi ƙera sarewa da algaitun Turawa, har kowane ƙaramin gari ya mallaki nasa mawaƙan. Akwai dalilin aljihu a ciki, domin mawaƙin coci yakan samu sassaucin haraji, ga kuma daraja a idon jama'a a lokacin da aka rushe duk wata tsohuwar sarauta. Abin ya kai taron shugabannin cocin Meksiko na 1555 ya nemi a rage yawan makaɗa da kayan kiɗa, kuma a 1561 sarki da kansa ya aiko da umarni makamancin haka. Wannan taron na 1555 dai shi ne ya hana naɗa 'yan ƙasa limaman coci. An toshe musu hanyar mumbari, sai suka cika wurin mawaƙa. A 1556 kuma aka buga littafi na farko mai ɗauke da alamomin kiɗa a duk nahiyar Amurka, a birnin Meksiko.

A manyan majami'u na birane tsarin ya fi tsauri. Kowace tana da sarkin mawaƙa wanda aikinsa ne ya tsara sababbin waƙoƙi kowace shekara, ya kuma raini yaran da ake kira seises, daga kalmar shida, masu rera siririyar murya tun da ba a barin mata su yi. Hernando Franco, haifaffen Sifaniya, ya riƙe wannan muƙami a birnin Meksiko daga 1575. A Puebla, Juan Gutiérrez de Padilla ɗan garin Málaga ya riƙe shi daga 1629 har rasuwarsa a 1664, a zamanin da Bishop Juan de Palafox ke zuba kuɗi kan majami'ar da aka keɓe a 1649. Padilla ya rubuta waƙoƙin da ake raba mawaƙa gida biyu suna amsa wa juna, kuma duk wanda ya saurare su ba tare da an gaya masa ba zai rantse daga Seville suka fito. Manuel de Sumaya kuwa haifaffen ƙasar ne. Ya shiga majami'ar birnin Meksiko yana yaro mawaƙi, ya zama sarkin mawaƙanta a 1715, daga baya ya koma Oaxaca inda ya rasu a 1755. Yaron da ke tsaye yau a dandamalin Jamus yana rera waƙar Sumaya, aikin wani tsohon yaron kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, irinsa yake rerawa.

Inda maganar ta fi daɗi, ta kuma fi ɗaci, shi ne kan nau'in waƙar da ake kira villancico. Kalmar ta samo asali ne daga sunan baƙauye a Sifaniyanci. Waƙoƙi ne da ake sakawa tsakanin karatun ibadar dare a manyan bukukuwa, musamman daren Kirsimeti, da harshen da jama'a ke ji maimakon Latin, don kada barci ya kwashe su. Saboda a nishaɗantar, sai marubuta suka riƙa sanya mutane iri-iri suna zuwa gaida jaririn a komin dabbobi, kowa da irin gurɓatacciyar maganarsa: ɗan Fotugal, ɗan yankin Basque, ɗan asalin ƙasa, da baƙin bawa. Hatta shahararriyar marubuciya Sor Juana Inés de la Cruz, wadda ta rasu a 1695, ta rubuta baitoci irin waɗannan.

Babbar taskar wannan nau'i ita ce wani kundi rubutun hannu da ke ajiye a majami'ar Oaxaca, mai ɗauke da waƙoƙi sama da 250 na Gaspar Fernandes, wanda ya zo Puebla daga Guatemala a 1606. Ya rubuta su ne tsakanin 1609 da 1616. A ciki akwai Xicochi conetzintle, 'yar gajeriyar waƙar reno da harshen Nahuatl na Aztek, ana lallashin jariri ya yi barci mala'iku sun zo. Kusan babu ƙungiyar yaran Meksiko da za ta fita waje ba ta ɗauke ta ba, kuma ƙungiyoyin Amurka da Turai ma sun ara. Dalilin a fili yake: gajeriya ce, mai taushi, ga harshen 'yan ƙasa wanda har yau mutum sama da miliyan ɗaya da rabi ke magana da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne waƙoƙin Fernandes na Nahuatl ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Akasarin abin da ke cikin taskokin majami'un Meksiko da Latin ne ko Sifaniyanci. An zaɓo 'yan ƙalilan ɗin nan ne an ɗora su gaba saboda su ne ke gamsar da baƙon da ke neman abin da bai saba ji ba.

A kundin nan dai akwai wata da ake kira Eso rigor e repente, daga cikin waɗanda ake yi wa laƙabi da guineo, wato ta 'yan Gini, sunan da Turawa ke kiran gaɓar Afirka ta Yamma a wancan zamani. Kiɗanta na motsa jiki ƙwarai, shi ya sa mawaƙa ke sonta. Amma idan aka fassara baitocin, baƙaƙen bayi ne aka sanya suna magana da karyayyen Sifaniyanci, suna cewa su 'yan Gini ne za su je gaida jaririn, 'yan Angola kada su biyo su domin munana ne, kuma a wannan dare za su zama farare. Ba bayi ne suka rubuta wannan ba. An tsara ta ne don mawaƙan majami'a su kwaikwayi maganar bayi a gaban iyayengijinsu, a garin da masaƙunsa ke cike da bayi. Masana tarihi na ƙiyasta cewa an kawo 'yan Afirka wajen 200,000 wannan ƙasa a zamanin mulkin Sifaniya, da yawansu daga Angola da Kongo. A shekarar 1609 ɗin da Fernandes ya fara cika kundinsa, a tsaunukan da ke tsakanin Puebla da tashar jirgin ruwa ta Veracruz, wani bawa da ya tsere mai suna Gaspar Yanga yana jagorantar mutanensa suna fafatawa da sojojin Sifaniya, har daga baya aka amince musu da garinsu na 'yantattu. Wannan labari ba ya cikin waƙar kowa a majami'a.

To ya za a yi da irin wannan waƙa a bakin yaro ɗan shekara goma sha ɗaya? Wasu malaman kwaya sun ajiye ta gaba ɗaya, wasu suna tsallake baitin da ya fi muni, wasu kuma suna rerawa yadda take tun da sun san masu sauraro a Faransa ko Japan ba sa jin abin da ake faɗa. Na ukun nan ne ban yarda da shi ba. Jefar da waƙar ma ba ya burge ni, domin tana cikin 'yan shaidun da suka rage cewa baƙar fata na cikin waɗanda suka gina Meksiko, abin da ƙasar ta yi shekaru tana kau da kai a kansa. Sai a 2019 kundin tsarin mulki ya ambaci 'yan Meksiko masu tushen Afirka, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum kimanin miliyan biyu da rabi da suka kira kansu haka. A rera ta, amma a rubuta fassarar a takardar shiri, a kuma zaunar da yaran a gaya musu bakin wa ake kwaikwaya.

Akwai kuma batun ganga. Rubutun da Fernandes da Padilla suka bari muryoyi kawai ya nuna, kuma takardun albashin majami'u sun nuna masu ogan, masu arpa mai tsirkiya da yawa, da masu busa. Amma ƙungiyoyi da yawa na yau sukan ƙara ganguna da caki don waƙar ta yi ƙamshin Latin Amurka. Wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya yi rubutu a 2008 yana tuhumar wannan ɗabi'a, cewa tana lulluɓe kiɗan masu mulkin mallaka da rigar biki har a manta da abin da ke ƙarƙashi. Ina ganin yana da gaskiya, ko da yake ba na musun cewa da gangar ta fi shiga kunne.

Wani zai yi tsammanin waɗannan waƙoƙi gadon baki ne, kaka ya ba jika. Ba haka ba ne, sun yi shekara fiye da ɗari a cikin ƙura. Bayan samun 'yancin kai a 1821 kunnen masu kuɗi ya koma kan opera ta Italiya. A 1859 gwamnatin Benito Juárez ta ƙwace dukiyar coci, kuɗin riƙe mawaƙa ya ƙafe. Tsarin mulkin 1917 ya ƙara ɗaure cocin, har ta kai ga yaƙin Cristero na 1926 zuwa 1929, lokacin da aka rufe ibada a majami'u shekara uku, kuma Michoacán na cikin jihohin da aka fi zubar da jini. A tsakiyar wannan yaƙi, a 1928, aka tura matashi Bernal Jiménez Roma karatu. Da ya dawo sai ya shiga tonon tsofaffin takardu a Las Rosas, makarantar 'yan mata da aka kafa a Morelia tun 1743, kuma a 1939 ya wallafa abin da ya samo na kiɗan ƙarni na 18. Idan aka dubi wannan, kafa ƙungiyar yaran a 1949 ba shagali ba ne kawai. Gwamnatocin bayan juyin juya halin da aka fara a Meksiko a 1910 suna nuna wa duniya Meksiko ta zanen bango da manoma da gumakan Aztek. Bernal yana cewa ne Meksiko mai zuwa coci ita ma Meksiko ce, kuma tana da nata tarihin fasaha. A waje kuwa, littafin Ba'amurke Robert Stevenson na 1952 kan kiɗan Meksiko ne ya buɗe idon masana, sai kuma faifan da ƙungiyar Chanticleer ta San Francisco ta fitar a 1994 ya kai wannan kiɗa kunnen jama'a.

Yanzu kashi na biyu, wanda ake cewa na gado. Mu ɗauki son jarocho na jihar Veracruz, gidan da La Bamba ta fito kafin Ritchie Valens ya mayar da ita kiɗan zamani a 1958. A inda aka haife shi, wannan kiɗa ba a zama a saurare shi. Ana kafa wani dandamalin katako mai suna tarima a tsakar gida, makaɗa su kewaye shi da ƙananan jitoci da ake kira jarana, masu rawa su hau suna buga ƙafa, kuma ƙarar ƙafar ita ce gangar. Mawaƙa na jefa wa juna baitoci nan take, habaici da zolaya da kirari, waƙa ɗaya ta ɗauki rabin sa'a, taron ya kai asuba. Idan za a ba yaran kwaya ita, dole wani malami ya zauna ya zaɓi baitoci uku masu tsabta, ya raba su murya huɗu, ya datse ta zuwa minti uku. Kamar a ɗauki makaɗin kalangun da ke zuba baiti gwargwadon wanda ya shigo fili ne, a rubuce abin da ya faɗa rana ɗaya, a ce daga yau haka za a riƙa yi. Abin da ya fito yana iya yin daɗi, amma wani abu ne daban.

Ga kuma abin dariya a tarihin. A 1766 kotun tsaron aƙida ta cocin Katolika ta haramta wata waƙar Veracruz mai suna El Chuchumbé, saboda baitocinta na batsa da ke zolayar wani malamin coci, da kuma irin rawar da sojoji da matuƙan jirgi da baƙaƙen gari ke yi da ita. Dangin kiɗan da aka yi barazanar korar mutum daga coci a kansa, shi ne yau yaran da coci ta horar ke rerawa a cikin majami'un Turai. Zumuncin da ke tsakanin kashin biyu ma a kunne ake jinsa. Akwai wani salon bugu da ake raba shida wani lokaci uku-uku, wani lokaci biyu-biyu, ana sauyawa har jiki ya rasa inda zai taka. Yana cikin kiɗan Veracruz, yana kuma cikin Convidando está la noche ta Juan García de Zéspedes, wanda ya tashi yana yaro mawaƙi a Puebla ya kuma gaji Padilla. Katangar da takardar shiri ke ginawa tsakanin na coci da na titi, mutanen ƙarni na 17 ba su san da ita ba.

Shi kansa jerin waƙoƙin da duniya ke kira na Meksiko gwamnati da kasuwa ne suka tace shi. José Vasconcelos, ministan ilimi daga 1921 zuwa 1924, ya baza malamai ƙauyuka suna koyar da waƙoƙin yankuna a makarantu don a ƙera ƙasa ɗaya daga al'ummomi barkatai. A 1940 Carlos Chávez ya kai wani shiri na kiɗan Meksiko birnin New York tare da babban baje kolin fasahar ƙasar. Finafinan wancan zamani kuma suka mayar da mai faffaɗar malafa na jihar Jalisco da kiɗansa na mariachi fuskar ƙasa baki ɗaya. Alhali ƙasa ce mai harsunan asali 68. Yaran Morelia suna da pirekua a ƙofar gidansu, waƙar ƙabilar Purépecha mai sanyi da jan rai, wadda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2010, shekara guda kafin mariachi. Amma baƙo shahararriyar waƙar nan Cielito Lindo ya sani, ita zai nema, kuma ƙungiyar da iyaye suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin jirgi ba za ta so ta bar zaure shiru ba. (Ga wata wahalar da masu kallo ba sa gani: yaro na kai shekara goma sha uku ko sha huɗu muryarsa ta fashe, horon shekara biyar ya tafi, a koma neman wani.)

Duk wannan lissafi yana sauyawa idan ƙetaren Amurka ce. Mutane masu tushen Meksiko a can sun haura miliyan 35, kuma sama da miliyan 10 daga cikinsu a Meksiko aka haife su. Idan yaran suka tsaya a wata coci a Chicago ko Los Angeles, musamman gab da 12 ga Disamba, ranar bikin Maryamu ta Guadalupe, waɗanda ke kan benci ba baƙi ba ne masu neman abin mamaki. Magina ne da masu wanke-wanke da masu tsinkar 'ya'yan itace, wasunsu sun shekara ashirin ba su taka gida ba saboda in sun fita ba su da takardar dawowa. Su ba ruwansu da ko an datse baiti ko an ƙara ganga. Idan aka ɗauko Canción mixteca, wadda José López Alavez ɗan Oaxaca ya kammala a 1915 kan kewar garin haihuwa, su ne ke karɓe waƙar daga bakin yaran.

A California kuwa kalmar ƙetare kanta sai an yi mata tambaya. Ignacio de Jerusalem, ɗan garin Lecce na Italiya, ya zama sarkin mawaƙan majami'ar birnin Meksiko a tsakiyar ƙarni na 18, ya rasu a 1769, shekarar da 'yan mishan na Sifaniya suka kafa tasharsu ta farko a San Diego. An kwafi ayyukansa da hannu an haura da su arewa, kuma masu bincike sun tarar da wasu a taskokin tsofaffin tashoshin mishan na California, inda 'yan asalin yankin ne mawaƙan. Sai a 1848, bayan yaƙi, Meksiko ta sallama wa Amurka California tare da kusan rabin ƙasarta. Yaran da suka yi layi a ofishin jakadanci neman biza don su je Santa Barbara su rera aikin Ignacio de Jerusalem, za su rera shi ne a ƙasar da aka san kiɗansa tun kafin tutar Amurka ta iso wurin.